Mai Riƙon Auta

A layin da shagon kitsonta yake babu wanda bai san Yaya ba, kuma duk wanda ya san ta ya san labarin ƙaninta. Ita ce babba a ɗakinsu, shi ne ƙarami, don haka tun yana rarrafe ake ce masa Auta. Ya yi gemu, furfura ta fara leƙo masa ta gefen kunne, sunan bai sake shi ba. Ita ma nata sunan daga bakinsa ya fito ya bi unguwa. Har mijinta, direban babbar mota da kan kwana biyu a hanya kafin a ga ƙeyarsa, Yaya yake ce mata in yana jin tsokana.

Shagon ɗaki ɗaya ne a gaban gida, ƙofarsa na kallon titi. Akwai babban madubi da ya tsage ta kusurwa, da bencin masu jira, da kwalaben man gashi jere a kan kanta, da injin busar da gashi wanda ba ya tashi sai an ɗaka masa duka a ƙeya. Ta bayan labule ake shiga tsakar gida. A can ƙurya kuma akwai wani ɗan ɗaki da a da ake jibge tarkace a ciki, shi ne ya zama ɗakin Auta tun bayan rasuwar mahaifiyarsu.

Auta ɗan shaye-shaye ne. Da maganin tari ya fara, ya gangara kan ƙwaya, daga baya ya zama duk abin da zai juya masa kai ba ya tambayar sunansa. Yaya ce ta riƙe shi. Ta ɗauko shi daga cikin kwata da hannunta. Ta tsaya a gaban 'yan sanda tana ba da haƙuri har muryarta ta dushe. Ta wanke amansa, ta aske masa kai da kanta lokacin da ƙwarƙwata ta kama shi, ta ɗura masa abinci da cokali yana zaginta. Sauran 'yan'uwa tuni suka zare hannu. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗe shi tun da farko, don kada wanda ya ji sauran labarin ya ɗauka ba ta sha wahala ba. Ta sha, har ta ƙoshi.

Sai dai wahalar nan ba ta tafi a banza ba. Mace za ta zauna a ƙasa, ta miƙa kanta tsakanin gwiwoyin Yaya, kafin a tsaga layin farko ta ce, “Ya mai jiki?” Yaya ta ja dogon numfashi, ta lakato mai da ɗan yatsa, ta fara. Ta iya ba da labari. Ta san inda za ta yi shiru, ta san inda za ta yi 'yar dariya mai ciwo. Matan kan benci su yi tagumi, wata ta share ƙwalla da bakin mayafi, wata ta ce, “Wallahi Yaya, ke dai 'yar Aljanna ce.” Wadda ta zo da damuwar miji sai ta ji tata ta yi sauƙi. Da yawa ba don kitson kaɗai suke tsallake shaguna su zo nata ba. Ba ita ta tsara hakan ba. Amma mutum ba ya shekara da shekaru ana zuba masa abu mai daɗi a kunne bai saba da shi ba.

Ana nan, wata rana babur ya kwashe Auta a bakin tasha, ƙafarsa ta karye. Ya daɗe a asibiti an rataye ƙafar. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo mai gyaran kujeru, ana ce masa Baba Mai Kushin, da ya zo jinyar gyambon ciwon suga. Tsohon surutu gare shi kamar rediyo. Lokacin da jikin Auta ya fara neman abin da ya saba, yana karkarwa, gumi na tsiyaya, yana roƙon duk nas ɗin da ta wuce, tsohon nan bai yi masa wa'azi ba. Matashin kansa ya farke da gangan, ya miƙa masa da allura da zare.

“Ɗinke min wannan, ɗana. Idona ba ya gani.”

“Baba, ba ka ga hannuna rawa yake ba?”

“To ya yi ta rawa mana, ai ba kiɗa na ce ka yi min ba. Ɗinka.”

Ya ɗinka a karkace, tsohon ya farke, ya sake ba shi. Haka suka yi ta yi har aka sallame su. Babu wanda zai iya cewa ga takamaiman abin da ya juya a cikin Auta a ɗakin nan. Shi kansa da aka tambaye shi, cewa ya yi ya gaji ne kawai. Ya dawo gida da sanda, idonsa fari tas, ya ce Baba Mai Kushin ya ce ya je ya koyi aiki.

Yaya ta yi murna, murna ta gaskiya. Ta yi kuka, ta yi sadaka. A ƙasan ranta dai ta ba shi mako biyu, don ta sha ganin tubansa. Mako biyun ya wuce, wata ya wuce, watanni suka bi baya. Kullum da sassafe za ta ji ƙarar bokitinsa, ya yi wanka, ya leƙo ya gaishe ta ya fita. Da yamma ya dawo da ɓurɓushin soso a gashinsa, yatsunsa duk sun sha kan ƙusa. Ya yi ƙiba. Ya fara sayo sabulu da kansa. Wata rana ma ya gyara injin busar da gashin nan, ya daina buƙatar duka.

“Ya mai jiki?” in ji matar mai kemis, ranar da ta zo wankin kai.

“Ai ya warke. Yana can wajen aiki.”

“Kai, alhamdu lillahi!”

Shi ke nan. Sai wata ta ɗauko zancen wata maƙwabciyarta da ɗanta ya gudu da motar ubangidansa, kawuna duk suka juya can. Yaya ta ci gaba da tsaga gashi. Ta ji wani abu a cikinta kamar yunwa, alhali ba ta daɗe da cin abinci ba.

Rannan Auta ya shigo shagon da kujera a ka. Tsohuwar kujerarta ce da ta lotse aka jefar a bayan gida. Ya kai ta wajen aiki a ɓoye, ya sake mata soso, ya ja mata koren yadi, ya bi gefenta da ƙusoshi masu kan zinariya a jere kamar haƙora. Ya dire ta a gaban madubi yana murmushi, yana kallon ƙasa.

“Don bayanki, Yaya. Kin daɗe kina kukan baya.”

Mata suka taso suna shafawa, kowa na son ta ɗana. Wata ta ce, “Yaya, ashe ma'aikaci kika ɓoye mana a ɗakin tarkace!” Aka yi dariya. Matar mai kemis ta ce lallai ya zo ya duba kujerun falonta. Bayan ya fita kuma sai ta girgiza kai ta ce, “Allah mai iko. Kun ga tsohon nan mai kushin? Shi ne Allah ya yi sanadi. Wani in ya taɓa mutum sau ɗaya ya isa.”

Yaya ta ce, “Haka ne.” Ta ja gashin da ke hannunta har mai kan ta yi ƙara.

Da mijinta ya dawo daga tafiya ta kai masa ƙorafi. Ta ce shekara nawa tana kwasar ƙazantar yaron nan, yau wani tsoho da ya ba shi allura shi ne gwani. Direba yana yanke farce a bakin ƙofa, bai ɗago ba ya ce, “To ba abin da kike roƙo ke nan ba? An ba ki. Ki huta mana.” Ta dube shi kamar ya zage ta. Hutun nan shi ne abin da ba ta san yadda ake yi ba. Tun tana budurwa take mai riƙon wani. In aka cire wannan, me ya rage? Wata mai kitso ce a cikin masu kitso, da ciwon baya da tsagaggen madubi.

Sai ta fara wasu 'yan abubuwa da ita kanta ba ta ba su suna ba. In ya zo gaishe ta sai ta matso kusa ta shinshina bakinsa. In zai shiga ɗakinta sai ta tashi ta kulle durowa a gabansa. A gaban baƙi ta ce, “Wannan ne marar lafiyar tamu.” Auta ya yi dariya ya ce, “Yaya ke nan.” Bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Ya san abin da ya yi a gidan nan, yana ganin duk abin da aka yi masa bai kai ba.

Wata la'asar ya same ta a tsakar gida tana wanke matazai, ya tsuguna nesa kaɗan yana wasa da wani ɗan tsinke. Ya ce ya samu ɗaki kusa da wajen aiki, zai tashi ƙarshen wata. Kafin ta haɗiye wannan ya ƙara da cewa akwai kuma wata magana. Akwai wata mata da ke sayar da yadi a layinsu, a wajenta suke sayen na kujeru. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya guda. Sun fahimci juna.

“Ta san ko kai wane ne?”

“Na gaya mata na yi shaye-shaye.”

“Shi ke nan abin da ka gaya mata?”

“Ta ce ita wanda take gani a gabanta ta sani.” Ya ɗago ido. “Yaya, ba ni da uwa ba ni da uba sai ke. So nake ki je ki gan ta. In kin ce ta yi, ta yi.”

Ta ce za ta je. Kuma a ranar da ta shirya ta fita, da niyyar alheri ta fita. Ta saka kayanta masu kyau, ta ƙulla ɗan turare a jaka don ta ba matar. A cikin mota har tana tsara irin kitson da za ta yi wa amarya.

Rumfar Mai Yadi ƙarama ce, bandir-bandir na yadi sun kai rufi, ga wata 'yar jakar makaranta rataye a ƙusa. Matar ba kyakkyawa ba ce can, amma fuskarta a sake take. Tana jin an ce Yaya ce ta durƙusa har ƙasa, ta share mata wuri, ta aika aka kawo ruwan sanyi. Suka yi hira mai daɗi. Mai Yadi ta ce Auta ba ya minti biyar bai ambaci Yaya ba. Sai ta kama hannunta ta ce:

“Ya gaya min irin wahalar da kika sha. Allah ya saka miki. Yanzu kam sai ki sauke, Yaya, na karɓe ki.”

Da ba ta faɗi haka ba, wataƙila da turaren nan ya fito daga jaka. Yaya ta dubi hannun da ke riƙe da nata. Ta ji numfashin nan da ta saba ja ya taso da kansa, dogo, daga ƙasan ƙirji.

“Ƙanwata,” in ji ta, “ni ba zan cuce ki ba. Amana ce, gara ki ji daga bakina.”

Ta fara. Ta ba ta labarin ranar da ta bar masa ɗanta yana ɗan shekara uku don ta je asibiti, ya tafi da yaron tasha ya manta da shi a can, sai wajen magariba aka tsinto shi a rumfar wani mai faci. Ta ba ta labarin yadda ya zare katifa daga gadon mahaifiyarsu ya sayar, tsohuwar na kwance a asibiti, aka dawo da ita ta tarar da katako. Ta ba ta na ranar da ya ɗaga kujera zai rotsa mata kai. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya da ba ta faru ba. Abin da ta bari a ciki shi ne cewa yaron da aka manta a tasha yanzu yana jami'a, kuma duk duniya ba shi da aboki kamar kawunsa. Ba ta ce kujerar nan da kansa ya ajiye ta ya fashe da kuka ba. Hawaye na zuba mata tana magana, kuma hawayen gaske ne.

Mai Yadi ta saki hannunta tun a labari na biyu. Ta ce a hankali, “Amma ai ya daina.”

“Ya daina. Ya sha dainawa.” Yaya ta share ido. Ta ɗaga kai ta dubi jakar makarantar da ke rataye. “Ni ban ce kada ki aure shi ba, jinina ne. Sai dai kina da 'ya mace.”

Mai Yadi ta dafe ƙirji.

“Yaya... ya taɓa...?”

Auta bai taɓa ba. Ko a lokacin da ya fi lalacewa, bai taɓa ɗaga ido ya kalli 'yar kowa ba, kuma Yaya ta fi kowa sanin haka. Kalma ɗaya ake nema a wajenta. Ta sunkuyar da kai, ta gyara bakin mayafinta, ta ce:

“Allah dai ya rufa mana asiri.”

Da ta fito, ta ga tunda ta zo layin bai kamata ta wuce ba ta gaida Baba Mai Kushin ba. Ta same shi a bakin shagonsa a kan wata kujera da aka farke wa ciki. Auta ya tafi kai kaya. Ta yi wa tsohon godiya har ya ji kunya. Tana shirin tafiya idonta ya faɗa kan gwangwanayen gam da ake manna soso da shi, warinsu ya cika wurin.

“Baba, a buɗe kuke barin wannan? Ai har shi ya shaƙa a da. Don Allah a riƙa sa ido. Ni ce na san shi.”

Ta koma gida da turarenta a jaka. Ta gaya wa kanta ta sauke nauyi. Da wani abu ya faru daga baya fa, wa za a zarga in ba ita da ta sani ta yi shiru ba?

Abin bai fashe a rana ɗaya ba. Mai Yadi ta fara da cewa ba ta jin daɗi. Daga nan in Auta ya zo sayen yadi sai ta auna ta yanka ba ta dube shi ba. Ranar da 'yarta ta rugo za ta rungume shi kamar yadda ta saba, uwar ta daka mata tsawar da sai da layin ya waiwayo. A wajen aiki kuma aka saya wa akwatin gam kwaɗo, makullin na aljihun Baba. Sauran ma'aikata suka gano dalili, suka samu abin wasa. In ya yi atishawa wani ya ce, “A'a, Auta, wa ya ba ka makulli?” Shi ma ya taya su dariya. Ya ci gaba da zuwa da sassafe.

Sai da ya tsare Mai Yadi ya ce ko kashe shi za ta yi ta gaya masa laifinsa, sannan ta gaya masa. Ya zo gida da rana tsaka, abin da bai saba ba. Babu kowa a shago, Yaya na zaune tana tsefe wani gashin kanti. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai yi sallama ba.

“Yaya, me na yi miki?”

“Wace irin tambaya ce wannan?”

“Maganar tasha na ji. Ta katifa na ji, ni na yi, ban musa ba. Amma 'yarta, Yaya? Yarinya ƙarama?”

“Ni na ce ka yi wani abu? Je ka tambaye ta, me na ce? In ta ce na ce, a kawo ta ta maimaita a gabana.”

“Ta tambaye ki. Ba ki ce a'a ba.”

“To ƙarya na yi maka?”

Ya daɗe yana kallonta.

“A'a,” in ji shi. “Ba ki yi ƙarya ba.”

“To ka gani. Ni da na ɗauke ka daga kwata, yau ni za ka zo ka tsare da ido saboda wata mai yadi? Da zan cuce ka ai da tuni na bar ka ka mutu.”

“Da kin bar ni ɗin,” in ji shi, ba da faɗa ba. Ya shiga ciki ya haɗa kayansa a buhu ya fita.

Ya koma ɗakin da ya kama. Yaya ba ta je ta gani ba. Ta gaya wa matan shago cewa ya samu wuri ya manta da wadda ta raine shi, aka taya ta jimami, amma jimamin bai yi armashi ba, don kowa na ganinsa yana wucewa tsaf da shi. Ɗakin ƙurya kuwa ba ta mayar da tarkace ciki ba. Kullum sai ta share shi, ta kaɗe shimfiɗa, ta buɗe taga iska ta shiga. Direba ya lura.

“Wane baƙo muke jira ne?”

“Ɗaki ba a barinsa da ƙura.”

Ya dube ta, ya bar maganar. Mutum ne da ba ya son abin da zai hana shi cin abincinsa cikin kwanciyar hankali. Washegari ya hau motarsa.

Auta ya yi ƙoƙari. Ya kamata a faɗi wannan ma. Ya jure rashin matar, ya jure kwaɗon gam, ya jure barkwancin abokan aiki. Amma magana irin wadda aka bari a rumfar Mai Yadi ba ta zama wuri ɗaya. Mai Yadi ta gaya wa ƙawarta don ta samu sauƙi a ranta, ƙawar ta gaya wa mijinta. Kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta riga ta samu rana da wuri da sunan yarinya. Wata safiya aka aike shi ya auno kujeru a wani gida, maigidan ya tare shi a bakin ƙofa ya ce yana da 'ya'ya mata, a turo wani. Da ya dawo, Baba Mai Kushin ya ja shi bayan shago. Tsohon bai iya haɗa ido da shi ba.

“Ɗana, tsakaninka da Allah, abin da ake faɗa...”

“Kai ma, Baba?”

“Tambaya ce kawai na yi.”

Auta ya zaro gudumar da ke soke a ƙugunsa ya ajiye a kan tebur, ya ajiye almakashi kusa da ita, ya daidaita su. Ya fita ta ƙofar baya.

Ba a fi 'yan kwanaki ba wayar Yaya ta yi ƙara tana tsakiyar kitso. Wani ɗan kamasho ne da ya daɗe da sanin lambarta. Ya ce ta zo bayan tasha ta ɗauki mutuminta. Ta bar kan da take yi rabi a tsefe, ta zari mayafi, ta tari mota. Ta same shi a kwance a gefen kwata, rigarsa ta jiƙe, takalmi ƙafa ɗaya. Mutane sun yi cirko-cirko. Ta ratsa su, ta durƙusa ta tallafo kansa. Hannuwanta sun san aikin, ba su manta komai ba: inda ake riƙewa, yadda ake juya shi kada ya shaƙe. Wata tsohuwa a cikin taron ta ce, “Wayyo, baiwar Allah nan dai ba ta huta ba.” Yaya na kuka sosai. Amma a ƙarƙashin kukan, can ciki, wani abu da ya daɗe a tsaye ya samu wuri ya zauna. Ta dawo da shi ɗakin ƙurya, a ranar ta ci abinci har da ƙari.

Wannan faɗuwar ta fi ta da muni. Auta ya daina zagi, ya daina sata, ya daina ma fita sosai. In ya samu abin da zai sha ya sha, in bai samu ba ya kwanta yana kallon rufi. Yaya ta kula da shi yadda ba wanda zai ce ta gaza.

Bayan wani lokaci, wata hantsi, Baba Mai Kushin ya zo. Ya sha tambaya kafin ya gano gidan, yana jan ƙafarsa mai ciwo. Ya yi sallama a ƙofar gida da muryarsa mai ƙarfi, Yaya ta fito ta tsaya a bakin ƙofar, ta cika ta. Tsohon ya ce ya bi diddigin maganar nan gida-gida, bai samu ko mutum ɗaya da ya ce ga yarinyar ba. Ya ce ya yi kuskure, bai kamata ya yi tambayar nan ba, abin ya hana shi sukuni. Kayan aikin yaron na nan inda ya ajiye su, bai bari kowa ya taɓa ba. A ba shi shi ya tafi da shi, ko a ɗakinsa ne ya kwana, su sake farawa.

“Allah ya saka da alheri, Baba,” in ji Yaya. “Barci yake. Kuma gaskiya ya ce ba ya son ganin kowa daga wajen nan. Kun riga kun yi abin da za ku iya. A bar min shi haka, ni na saba.”

“Ko leƙa shi in yi?”

“Likita ya hana a tayar masa da hankali.”

Tsohon ya ɗaga murya ya ce, “To a gaishe shi. A ce Baba ya zo.” Ya juya yana ɗingishi. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ta tura ƙofar ta sa sakata.

Tagar ɗakin ƙurya a buɗe take, kuma tsakar gidan ba wani girma gare ta ba. Da ta shiga ta tarar da Auta zaune a bakin shimfiɗa, ya sauko da ƙafafunsa ƙasa, hannu ɗaya na dafe da bango kamar wanda ya yi niyyar tashi.

“Wa ya zo?” ya tambaya.

“Ba kowa. Wani ne ke neman gidan masu haya.”

Ya dube ta. Ita ma ta dube shi, ba ta ƙifta ba. Tsohon bai yi nisa ba, da gudu kaɗan za a cim masa, ko da kira ɗaya mai ƙarfi ta kan katanga. Auta ya sauke hannunsa daga bangon.

“To,” in ji shi.

“Dubi farcenka yadda ya yi zaƙo-zaƙo. Kawo hannun.”

Ta jawo 'yar kujera ta zauna a gabansa, ta ciro reza daga gefen zaninta. Ya miƙa mata hannun. Ta ɗora shi a kan cinyarta, ta fara daga ƙaramin yatsa, a hankali, don kada ta yanke shi.